Ƙabalun da Yaya Bai Yi Niyya Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kowa ya haddace wannan tun yana yaro, amma ranar Lahadin da mutum huɗu suka shigo da Yaya a kan angarib, gadon nan na igiya, ƙafafunsa duk laka, ba wanda ya tuna da ita sai can daga baya. Matarsa, Hajja, tana riƙe da butar gahawa, ta dubi gadon ta ce, "Ku aje shi ga inuwa, bai sha komi ba tun sahe." Babbar 'yarsa ta zauna a ƙasa tana cire masa takalmi, tana kakkaɓewa, kamar zai sake sawa. Maƙwabcinmu mai kanti, wanda ba ya jin Hausa, ya tsaya a bakin ƙofa yana tafa hannu yana maimaita tambaya ɗaya da Larabci: basir ne ya faɗi? Basir shi ne maɗori a bakinsu. Abin da ya kasa shiga kansa shi ne abin da ya kasa shiga kan kowa: mutumin da ya ɗora rabin ƙasusuwan garin nan, a ce faɗuwa ce ajalinsa.

Ni kuwa ƙaninsa, da ake cewa ko a ƙarƙashin ruwa bakina ba ya rufuwa, na tsaya kamar an dasa ni.

Da hantsi ya gangara gonarmu ta bakin kogi, can ƙasa da garin Rusairis, zai duba kuɓewa. Gaɓa ta sha ruwa, ta zame da shi. Masunta biyu sun gani da idonsu. Sun ce ya miƙa hannun dama zai dafa ƙasa, hannun ya lanƙwashe kamar ba nasa ba, kansa ya sami dutse. Kafin su ja kwalekwale su iso, an gama.

Aka kafa rumfar makoki a ƙofar gida. Mutane suka yi ta zuwa daga Damazin, daga ƙauyukan gefen Makwar, kowa ya ɗaga tafi ya ce Al-Fatiha, ya zauna ya nuna wa na kusa da shi inda Yaya ya taɓa ɗora masa. Wannan ƙwauri, wancan kafaɗa. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida a gaya wa maza cewa har akuyarta ya ɗora.

Sai magana ta juya. Samarin da ke salla a ƙaramin masallacin bayan kasuwa suka zo a jere, babbansu ya ce, "Namu na. Tsoho guda da ya gane gaskiya cikin garin ga." Liman, wanda ɗan gwaggonmu ne, abokin wasan Yaya tun suna kiwon awaki, shi ya sallaci gawar, amma da ya zo addu'a a rumfa sai ya ce, "Allah shi gafarta mishi, shi yahe mishi barin hanyar iyaye da ya yi." Jama'a suka ce amin. Ni ban sa bakina a wannan amin ɗin ba.

Ga abin da ake nufi, don wanda ba ɗan garinmu ba. Mu nan, tun kakanninmu da suka taso daga ƙasar Sakkwato da allunansu a ka suka zauna nan gabas cikin masu Larabci, sakin hannu muke yi a salla, sadalu. Samarin nan kuwa ɗora dama kan hagu suke yi a ƙirji, ƙabalu. Ni ba malami ba ne, aji huɗu na yi a makarantar gwamnati aka kore ni saboda na fi malamin lissafi surutu, amma na ji masu ilimi suna cewa duka biyun salla ce. To amma a ƙauye inda ka ajiye hannunka shi ne tutarka. Shekara goma sha uku Yaya yana ƙabalu a sahun farko, a masallacin Liman, a bayan Liman. Gari ya yanke hukunci cewa ya sauya sheƙa. Ni kuma na san ba sheƙa ya sauya ba. Gwiwar hannunsa ce ta ƙi zama.

Bari in koma baya.

Gab da wata damina muna kai iri gona a amalanken jaki, ni da shi kaɗai. Wata babbar mota ta danna ƙaho, jakin ya zabura, Yaya ya wuntsila ya sauka a kan tafin hannun dama. Da ya ɗago, na ga abin da ban so in sake gani ba: gwiwar hannun ta goce, kan ƙashin ya turo ta baya kamar ƙotar fartanya a cikin buhu. Na fara salati. Ya ce, "Rufa mini baki. Riƙe nan, ja a hankali, kada ka hizga kamar kana cire rogo." Na ja, shi yana danna ƙashin da babban yatsan hagu. Muka ji ƙwas. Ya yi dariya, gumi na zuba, ya ce, "Ka gani? Ƙashin gidanmu ya san hanyar ɗakinshi." Ya sa na fasa kara, muka ɗaure da yagen rawaninsa, hannun jallabiya ya rufe komai.

Da an bar hannun nan ya huta, wataƙila da ban rubuta wannan takarda ba.

Kwana huɗu bayan haka Liman ya hau rufin masallaci yana duba yaɓe kafin ruwa ya sauka, ya rufto, cinya ta karye. Aka zo da gudu. Na bi Yaya bayan ɗaki na same shi yana kwance ɗaurinsa da haƙori.

Na ce, "Yaya, hannunka."

Ya ce, "Cinya ba ta jiran hannu. In ta kwana ta gajarce, wanga ɗan banza shi ƙare rayuwatai yana ɗingishi gaban sahu, a ce ina gari."

"A kai shi Damazin mana."

"Bisa wace hanya? Kwana biyu ba mota. Matsa."

Jan cinyar babban mutum aikin ƙarfi ne. Mu uku muka danne Liman, Yaya ya kama ƙafar da hannu biyu ya ja da dukan jikinsa. Aka ji ƙara. Jama'ar da ke tsakar gida suka ɗauki kabbara, sun ɗauka ƙashin Liman ne ya koma. Na Liman ya koma kam. Amma ƙara biyu aka yi, ni kaɗai na ƙirga, don ni nake kallon fuskar Yaya. Ya gama ɗaurin da hannun hagu da haƙori, yana yi wa Liman ba'a cewa limamin da ke ihu kamar ɗan akuya ba a bin sa salla. Da muka fita ya jingina da katanga ya ce, "Ja kuma."

Daga ranar hannun bai sake zama na mutum ba. Ya kumbura, ya yi baƙi har zuwa wuyan hannu, ƙaramin yatsa ya mutu da sanyi. Kumburin ya sace, baƙin ya washe, amma gwiwar ta koyi fita. In ya dafa tabarma zai tashi, ta zame. In ya ɗaga buta cike, ta zame. In ya saki hannun ya miƙe a gefensa ya daɗe, sai ya ji kamar za ta zube. Wani lokaci ta yi ƙas ta koma da kanta, wani lokaci sai an taimaka mata.

Sai ya shiga dabara. Cin tuwo, ya kafa gwiwar a kan cinyarsa. Gaisawa, ya tallafo dama da hagu, mutane suka ce kai, maɗori ya ƙara tawali'u, har yara yake ba hannu biyu. Wurin ɗori ya ce lokaci ya yi da babban ɗansa zai koyi ja, shi sai lalube da tofi da umarni, aka ce dattijo mai hangen nesa. Duk ƙaryar da jikinsa ya yi, gari ya fassara ta da alheri. Sai guda ɗaya. A salla ya naɗe hannun dama a ƙirji, ya sa hagu a ƙarƙashi ya tallafe. Zuwa sujada kuma ya koma fara sa gwiwoyin ƙafa kafin hannu, don kada nauyi ya sauka a kan gwiwar. Duk wanda ya dube shi ya ga ɗan masallacin bayan kasuwa sak.

Bayan wata biyar na ja shi Damazin da sunan za mu sayo kayan injin ban ruwa. Muka shiga wurin likitan ƙashi, wani saurayi mai haƙuri. Aka ɗauki hoto. Ya ɗaga shi a haske ya ce ƙashi lafiya lau. Yaya ya dube ni da alfahari. Sai likita ya ce ya zauna a kujera, ya dafa hannuwanta biyu, ya tashi. Yaya ya fara tashi, ya kai rabi, fuskarsa ta canja, ya koma ya zauna. Likita ya ce da Larabci, "Ya Hajj, matsalar a ribaɗ take. Ribaɗ ya tsinke."

To ribaɗ a Larabcin kasuwa shi ne tsumman ɗauri. Yaya ya miƙe tsaye. "Mi yac ce? Ɗaurina na da matsala? Ni? Tun ubanshi bai yi kaciya ba nika ɗauri!" Ni da aji huɗuna na shiga tsakani, na ƙara dagula abin, don ni ma haka na fahimta, har na fara ba likita tarihin gidanmu. Bawan Allah ya bari muka gaji, sannan ya ɗauko wani ƙashin roba mai zare-zare a gefe. Ya ce ba ɗaurin waje yake nufi ba. Allah ya yi wa kowace gaɓa nata ɗaurin a ciki, jijiyoyi masu kauri da ke riƙe ƙashi da ƙashi. Ranar da gwiwa ta goce, su ne suke yagewa. Ƙashi ya koma cikin minti guda, su kuwa sai sun sami makonni ba a ja su ba kafin su haɗe. In aka ja su da wuri, sai su warke a sake, kamar igiyar guga da ta saki. Hoto ba ya nuna su, hannun maɗori ba ya kama su. Maganin wanda ya kai haka, in ji shi, sai aiki a Hartum, a buɗe a ɗinke.

A motar dawowa muka hango dam. Sai Yaya ya ce, "Ka tuna ribaɗin da kaka ka hwaɗi? Garuruwan bakin iyaka, masu ganuwa, da anka aje mutane su yi tsaro?" Na ce na tuna. Ya ce, "Ashe kalma guda ta. Gari na nan, ganuwa ta zube. Shekara arba'in ina mai da sarki gida, ban taɓa tambayar masu gadi ba."

Na ce to sai Hartum. Ya ce, "In tahi a yanka ni, in dawo da hannu cikin siminti, wa ka sake kawo mini ɗanshi? Gidanmu tun Sakkwato ba a taɓa jin ɗorinmu ya tashi ba. Ba daga kaina ba." Ya kama kunnena, ni da furfurata, a cikin mota, ya ce in rantse ba zan faɗa wa kowa ba muddin yana numfashi. Ya ce ni kaɗai na sani a duniya. Na rantse, har ina jin kaina wani babba.

Liman ya warke, ya taka ƙafarsa ba ɗingishi, ya dawo masallaci ya tarar da na'ibinsa, wato Yaya, naɗe da hannu. Ya yi haƙuri Juma'a uku. A ta huɗu ya tare shi a gindin dalbejiya, ina wurin.

"Kai, bawana, wa ya saye ka?"

"Wanda ya saye ni ya hi ka kuɗin goro."

"Ba wasa nika ba. Ubanka da ubana sun saki hannu har kabari. Mi ka gani da ba su gani ba?"

Yaya ya dubi ƙafar Liman, ya dubi sama, ya ce, "Na ga abin da na gani."

"To ba ka sake ba mutane salla in ba ni nan."

"Limancinka na, riƙe abinka."

Shi ke nan. Mutum biyu da suka shekara sittin suna zagin juna don ƙauna suka koma gaisuwar mutunci. Wanda ya san taubasai ya san ba abin da ya fi wannan muni. Tire ɗaya suke ci da azumi a ƙofar masallaci, Yaya ya janye nasa. Samarin bayan kasuwa suka riƙa kawo masa littattafai, yana karɓa da hannu biyu, yana sa wa Hajja a ƙarƙashin buhun gari don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi.

Abu ɗaya ya canja a aikinsa, ban ga wanda ya lura ba. Karaya yana ɗorawa kamar da. Amma duk wanda aka kawo da gocewar gwiwar hannu, in ya mai da ita, sai ya ɓata fuska ya ce wannan gaɓar ba ta jituwa da tofin gidanmu, a wuce Damazin yau yau. Ya bi su har bakin hanya yana faɗa: kada a ɗauki ko buta da hannun, kada kuma a bar shi a ɗaure har ya sandare, a bi abin da likita ya ce. Wata jikar ƙanwarmu ta faɗo daga bishiyar mangwaro, uwarta ta ce ba inda za ta, ga maɗori a gida. Yaya ya ɗauki yarinyar da hannun hagu ya sa ta a mota da kansa, ya zauna kusa da ita. Yau tana daka da hannun nan.

Ranar rasuwar, ni da babban ɗansa muka yi masa wanka. Da muka cire jallabiya, yaron, ina cewa yaro ga mutum mai 'ya'ya bakwai, ya ga wata fatar akuya da aka ɗinka ta zagaye gwiwar, ta yi baƙi don daɗewa. Ya kwance ta. Ya ɗaga hannun, hannun ya tafi inda hannu ba ya zuwa. Ya sake shi kamar ya taɓa wuta.

"Baffa, mi nika gani?"

Na gaya masa a taƙaice, ruwa na zuba. Sannan ya ce, "Baffa, don Allah rufin asiri. Mai wanka ba ya hwaɗin abin da ya gani. In gari ya ji ɗorin Baba bai kama ga jikinshi ba, ni mi ya rage mini?"

Kwana biyu ina juya abin. Rantsuwata ta ƙare da numfashinsa, wannan na sani. Hukuncin mai wanka kuma bai hau kaina ba, don ba a wurin wanka na gani ba, a hanyar gona na gani, da rana tsaka. Wannan fatawar ni na ba kaina, ban nemi ta kowa ba. Amma in na yi shiru, Yaya ya tafi da sunan wanda ya bar hanyar iyaye. In na yi magana, na rushe abin da ya sayar da amininsa don ya tsare.

Da safen kwana na uku na je ƙofar ɗakin da Hajja ke takaba, na tsaya bayan labule. Na yi gyaran murya irin ta masu babban sirri, na ce akwai abin da ba ta sani ba game da hannun mijinta.

Ta ce, "Na dama?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Wa kaka tsammani ya ɗinka hwatar? Wa ka mai da mishi ita in ta hita wurin alwala? Ya sa na rantse, ya ce ni kaɗai na sani duniya."

Na ce, "Ni ma haka ya ce mini!"

Ta yi wata dariya da ta ƙare da kuka. Da ta natsu ta ce, "Kai dai ƙanen miji ba ka taɓa wayo ba. Ji nan. Suna biyu gare shi. Na ɗori ya gama aikinshi, yaron ga shi nemi nashi da hannunshi. Na salla shi ka bin mutum. Tahi ka buɗe bakin nan naka, yau dai shi yi amfani."

Bayan an yi addu'ar uku, kafin a watse, na miƙe. Na ga ɗan Yaya ya sunkuyar da kai. Na faɗi komai: jakin, karan, kujerar likita, fatar akuya. Da na zo kan cinyar Liman na ce ƙara biyu aka yi ran nan, kun yi kabbara ga ɗaya, ɗayar kuwa hannun Yaya ne ya tafi bai dawo ba.

Wani dattijo ya ce, "La ilaha illallahu, shekara goma sha uku!" Mahaifin wani yaro da Yaya ya taɓa korawa Damazin ya ce da ƙarfi, "Ashe shi ya sa!" Ya taso ya dafa kafaɗar ɗan Yaya ya ce, "In kai ma ka san inda hannunka ya tsaya kamar tsohonka, gobe ma kai muka kawo ma." Ɗan Yaya bai ɗago ba, amma na ga kafaɗunsa sun sauka.

Na dubi Liman. Hannunsa na kan cinyarsa ta dama, yana murza ta kamar yau ya fara ganinta. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai ni."

Muka tafi maƙabarta mu biyu, rana ta take. Ya tsaya a kan kabarin, ƙasar ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya karanta abin da ya karanta. Na ɗauka zai nemi gafara da kalmomin malamai, har na shirya amin. Sai na ji muryarsa ta koma ta ɗan kiwon awaki.

"Maƙaryaci. Bawan banza. Ka bar ni ina taka hannunka zuwa masallaci sau biyar kullum, ina hararar ka da shi." Ya share fuska da gefen rawani. "Da ka hwaɗa mini."

Na ce, "Liman, da ya hwaɗa maka, da kafin la'asar an ji har Makwar."

Ya juyo zai zage ni, ya ga ba ni ne wanda ya saba zagi ba, ya fasa. Ya durƙusa a hankali, ya daidaita wani dutse da ya karkace a gefen kabarin, ya daɗe yana danna shi da tafin hannu har ya zauna.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da hannu ɗaya da rabi. Kai ka san inda rabin ya tafi. Ka karɓi sallarsa yadda ya iya tsayar da ita, ka yafe masa girman kan maɗora, ka yafe wa garin da ya karanta hannunsa bai karanta ciwonsa ba, ka haɗa da ni da na ja hannun sau biyu ban iya hana shi ba. Amin.